Daga Ruwan Bagaja Zuwa Tafiya Mabuɗin Ilmi: Waiwaye a Kan Littattafan Alhaji Abubakar Imam

Gabatarwa

Idan aka ambaci sunan Alhaji Abubakar Imam a gaban ɗalibin Hausa, littattafai biyu ne za su fara faɗo masa a rai, watau Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Su ne aka fi sakawa cikin manhaja, su ne aka fi yin jarrabawa a kansu, su ne kuma kundayen neman digiri suka fi tattakewa. Yaron da ya yi makaranta a Ƙofa ko Bebeji ko Kiru, can kudancin Kano, da wuya a ce ya gama bai taɓa jin labarin akun nan mai baki ba, ko kuwa na Malam Zurƙe. Amma da za a tambaye shi, ko ma a tambayi malamin da ya koyar da shi, wane ne ya rubuta Ikon Allah ko Haji Mabuɗin Ilmi, ba mamaki a ji shiru.

Wannan taƙaitawa tana da illa ga tarihin adabin Hausa. Imam ya bar littattafai kimanin ashirin, kuma na ƙagaggun labarai su ne 'yan kaɗan a cikinsu. Saura na koyarwa ne, da na tafiye-tafiye, da na tarihi, da na addini, ban da rubuce-rubucensa na jarida waɗanda suka ci shekaru masu yawa na rayuwarsa. A wannan maƙala za a duba yadda aka yi mutum guda ya taɓa waɗannan fannoni duka, da abin da ya kai shi ga kowannensu, sa'an nan a ga ko akwai zaren da ya ɗinke su wuri guda.

Hukumar Talifi da gasar 1933

An haifi Abubakar Imam a Kagara cikin 1911, a gidan malamai. Ya fara da karatun allo da na littattafai a gida, daga baya ya tafi Katsina wurin wansa Malam Bello Kagara, ya shiga makarantar boko. Ya yi Kwalejin Katsina daga 1927 zuwa 1932, da ya gama kuma sai aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Wajibi ne a riƙe wannan a rai, domin kafin ya zama marubuci ko ɗan jarida, malamin aji ne, kuma halin malamin aji bai taɓa sakin alƙalaminsa ba.

A wancan zamani babbar matsalar makarantun elementare ita ce rashin abin karantawa. An koya wa yara haɗa baƙi da wasali, amma in sun iya babu littafin da za a miƙa musu. Don haka ne gwamnatin mulkin mallaka ta kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda daga baya ta zauna a Zariya a ƙarƙashin Dakta Rupert East, aka kuma sake mata suna ta koma Hukumar Talifi. A 1933 East ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai a shiga gasa. Shi da kansa ya bayyana, a wata maƙala da ya buga a mujallar Africa cikin 1936, irin wuyar da ya sha wajen shawo kansu, domin a ganin malamin wancan lokaci rubutu abu ne na ilmi da addini, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce da dare. Littattafai biyar aka buga daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Imam yana da shekara 22 a lokacin.

Akwai abin lura a nan wanda ba a cika tsayawa a kansa ba. Aƙalla uku daga cikin littattafan nan biyar a kan tafiya aka gina su. Ganɗoki ya tashi daga yaƙe-yaƙen ƙasar Kwantagora ya faɗa duniyar aljannu. Shaihu Umar ya bi hanyar fataken bayi ya ƙetare Sahara. Alhaji Imam na cikin Ruwan Bagaja kuwa ya bar gida neman wani ruwa da zai warkar da ɗan sarki, don ya wanke mijin uwarsa, Liman, daga wulaƙancin da aka yi masa a fada. Ba abin mamaki ba ne. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa mai labari shi ne wanda ya je ya dawo: falke, da almajiri, da alhajin ƙafa wanda kan yi shekaru a hanyar Makka ta Sudan. Da aka ce wa malaman nan su ƙago dogon labari, sai suka ɗauki sifar da kunnensu ya saba da ita.

Abin da ya bambanta Ruwan Bagaja shi ne Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Ba don shi ba, da littafin jerin garuruwa ne kawai, a shiga wannan a fita a shiga wancan. Haɗuwar Alhaji da Zurƙe a gari bayan gari, kowa yana rama abin da aka yi masa, ita ce ta ba labarin ƙashin baya. Imam bai ɓoye cewa ya amfana da Maƙamatul Hariri ba, inda Harisu yake ta cin karo da Abu Zaidu, mai wayo da fasahar baki, a wurare daban-daban. Maƙama kuwa littafi ne da manyan almajirai suke karantawa a zaure don ƙwarewa a lugga. Ke nan littafin da ake kira ɗan fari na adabin boko, ƙafarsa guda tana cikin zaure.

Magana Jari Ce

East ya ga abin da yake nema a wurin wannan saurayi, sai ya roƙi a ba shi aronsa. A 1936 Imam ya je Zariya ya zauna kimanin wata shida, aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Indiya da na Turai, aka ce ya karanta ya fitar da littafin karatu na makarantu. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939, ɗauke da labarai kimanin tamanin.

A nan sai al'amarin tafiya ya juye. A littafi na ɗaya, aikin aku shi ne ya hana Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, fita daga gida ya bi sawun mayaƙa, domin Waziri ya shirya masa makirci a waje. Duk sa'ad da yaron ya yi ɗamara, sai aku ya ɗauko wani labari ya riƙe shi har gari ya waye. Mutum yana zaune wuri guda, labarai ne suke yin tafiyar, kuma lalle sun yi ta. Shi kansa wannan tsari na aku mai hana fita daga Indiya ya taso, daga tsohon littafin nan na labarai saba'in na aku, wanda Farisawa suka juya zuwa harshensu. Amma a can, matar aure ce akun yake hanawa zuwa wurin kwartonta alhali mijinta ya yi tafiya. Wannan ba zai shiga ajin elementare a Katsina ko Sakkwato ba. Sai aka mai da matar ta zama ɗan sarki, kwarto ya zama fagen fama, aka kuma ƙaro mugun waziri wanda kowane mai sauraron tatsuniya ya san irinsa. Wannan sauyi guda ya isa ya nuna irin aikin da aka yi a Zariya cikin watannin nan shida.

Haka abin yake ga sauran labaran. Na Ƙamaruzzaman daga Alfu Laila ya fito. Na Sarkin Busa asalinsa labarin Jamusawa ne na mai sarewar garin Hamelin, wanda ya raba gari da ɓeraye aka hana shi ladansa. Akwai waɗanda aka ɗauko daga tarin tatsuniyoyin 'yan'uwan nan biyu, Grimm, akwai kuma na Kalila wa Dimna. Manazarta irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu sun bi sawun da yawa daga cikinsu har tushe. Tun daga lokacin da wannan bincike ya bazu, akan sami ɗalibai masu ɗokin cewa ashe Imam kwafa ya yi. Wannan hukunci ne na gaggawa. Da fari dai ba a ɓoye aka yi abin ba, aikin da hukuma ta sa shi ke nan, kuma ya faɗa da bakinsa. Na biyu, wanda duk ya taɓa gwada juya labarin wata al'umma zuwa Hausa ya san inda gizo yake saƙa. Jimloli sukan fito da ƙamshin harshen da aka baro, mutanen ciki su riƙa magana kamar baƙi. A Magana Jari Ce kuwa, an yi shekaru da dama ana karantawa ba tare da mai karatu ya ji baƙunta ba. Fada fadar Hausa ce, da dogarai da 'yan lifida, alƙali alƙalin Hausa ne, gardamar miji da mata irin wadda ake ji ta bayan danga ce. Karin magana kuwa ya zama kan labari, ya zama kuma abin rufe shi.

Sai dai kuma a faɗi gaskiya, akwai abin da aka rasa. Littafin makaranta ne, an kuma rubuta shi a ƙarƙashin idon jami'in gwamnati. Duniyar da ke cikinsa duniya ce wadda sarki nagari yake a samanta, in an sami ɓarna to daga waziri ne ko wani bafade. Ba haraji irin na zamanin, ba aikin tilas. A littafi na biyu an shiga gasar labari tsakanin aku da wani akun mai suna Haziƙ, a na uku kuwa aku ne yake horon ɗansa Fasih. Watau a ƙarshe malamin aji ya fito fili, labari ya koma darasi a kan yadda ake ba da labari.

Littattafan koyarwa

Bayan ya koma Katsina ya rubuta Ƙaramin Sani Ƙuƙumi Ne, shi ma don makarantu. Daga baya, a ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon na 1950, shi da East suka fitar da Ikon Allah, wanda ya yi bayanin halittu da yadda duniya take gudana. Sunan littafin kansa abin nazari ne. A lokacin da iyaye da yawa suke ganin makarantar boko hanya ce ta raba yaro da addininsa, sai aka gabatar da ilmin kimiyya a matsayin duban ayyukan Mahalicci, abin da malamin zaure ba zai yi musu da shi ba. Ko dabarar East ce ko ta Imam, ta dace da yadda Imam yake kallon ilmi a dukan rubutunsa.

Muhimmancin Ikon Allah ga masu nazarin harshe ya wuce abin da ake zato. A cikinsa ne aka yi ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko na bayyana al'amuran kimiyya da Hausar yau da kullum, tun kafin a kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, balle kwamitocin ƙirƙirar kalmomi na jami'o'i. Mai son ya san yadda za a koyar da kimiyya da Hausa a firamare, abin da har yanzu ake ta muhawara a kansa, ya kamata ya fara da duba yadda waɗannan mutum biyu suka yi, inda suka dace da inda suka kakare.

Jarida da tafiyar Ingila

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Imam ne editanta na Hausa. Daga cikin dalilan kafa ta har da kashe jita-jitar da ta bazu cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus. Da yaƙi ya ɓarke cikin wannan shekara, sai jaridar ta zama babbar hanyar da mai karatun Hausa yake jin labarin fagen fama. A nan ne Hausar Imam ta sami horo na biyu. Dole a faɗi abin da ya faru a Turai ko Barma cikin 'yan layuka, da kalmomin da za a karanta wa jama'a a ƙofar gidan hakimi su fahimta. Littattafan Zariya da wannan jarida su ne suka zaunar da ƙa'idar rubutun boko, har da haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suka kuma ba abin da ake kira daidaitacciyar Hausa jiki.

Aikin jarida ne ya kai shi Ingila. A 1943, ana tsakiyar yaƙi, jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suna farautar jiragen ruwa a Tekun Atlantika, aka gayyaci editoci takwas daga ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila su je su ga yadda ƙasar take fama. Daga Nijeriya akwai Nnamdi Azikiwe na jaridar West African Pilot, akwai Imam. Abin da ya gani shi ne ya zama Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda ya fito a 1944.

Ba shi ne Bahaushen farko da ya ba da labarin Ingila ba. Dorugu, yaron da ya bi Barth zuwa Turai a 1855, ya ba da nasa, Schön ya rubuta ya buga cikin Magana Hausa a 1885. Sarakuna ma sun riga shi zuwa: Sarkin Katsina Muhammadu Dikko tun 1921, sa'an nan Sarkin Musulmi Hasan da Sarkin Gwandu Usman da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a 1934. Amma Dorugu faɗa ya yi wani ya rubuta, kuma don Turawa masu koyon Hausa aka buga. Imam shi ya riƙe alƙalaminsa, Hausawa kuma yake yi wa magana. Dabararsa ita ce ta malami: ya ɗauki abin da mai karatu bai taɓa gani ba ya auna masa shi da abin da ya sani a gida. Idan aka ajiye wannan littafi kusa da Ruwan Bagaja, za a ga sifa guda ce, mutum ya bar gida, ya ga abin al'ajabi, ya komo yana ba da labari. Bambancin shi ne wannan karon garuruwan suna kan taswira.

Tafiyar tana da wata fuska ta siyasa wadda ta fi littafin nauyi a tarihi. A can Ingila Azikiwe ya shirya takarda, bisa hujjar Yarjejeniyar Atlantika ta 1941, yana neman a ba ƙasashen Afirka ta Yamma mulkin kai cikin shekara goma sha biyar. Imam ya ƙi sa hannu. An daɗe ana fassara wannan ƙi da cewa biyayya ce ga Turawa, amma abin da ya yi a wannan tafiya bai goyi bayan fassarar ba. Ta hannun Hans Vischer, wanda Hausawa suka sani da Ɗan Hausa, ya sadu da Lugga, ya kuma faɗa masa illolin mulkin En'e, da ƙarancin makarantu a Arewa, da yadda ake toshe bakin samari masu ilmin zamani. Bayan ya komo gida ya ci gaba da rubuta masa wasiƙu a kan haka. Matsayinsa shi ne gyaran gida ya riga mulkin kai, domin in aka ba da mulki alhali Arewa ba ta da ma'aikata, wasu ne za su riƙe mata. Ana iya saɓa masa a kan wannan ra'ayi, kamar yadda su Sa'adu Zungur da Aminu Kano suka zaɓi hanya mafi zafi daga baya, amma ra'ayi ne na mai tunani, kuma shi ne ya kai shi cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940. Aminu Kano shi ma ya rubuta nasa littafin tafiya, Motsi Ya Fi Zama, a 1955, kuma kwatanta littattafan nan biyu aiki ne da ya cancanci kundi guda.

Hoto

Wani ɓangare na waɗannan littattafai wanda ba hannun Imam ya yi ba, amma ba a raba shi da su, shi ne hoto. Littafin ajami yana da zayyana da adon tawada ja da baƙa, amma ba a san shi da surar mutum ko dabba ba. Littattafan Zariya ne suka saba wa mai karatun Hausa da ganin sura a tsakiyar rubutu, jarida kuma ta kawo masa hoton kyamara, na sojoji da jirage da sarakuna. Hausa ba ta ma raba su ba, kalma guda ta ara, hoto, ta rufe zanen hannu da ɗaukar kyamara duka. Zane-zanen da aka san Magana Jari Ce da su, waɗanda ake danganta su da Jacqueline de Naeyer, 'yar ƙasar Beljiyam da ta yi aiki a Zariya ta kuma auri East, sun sa wa mutanen labaran rawani da babbar riga. Ke nan aikin mai da baƙon labari ɗan gida, alƙalami ya yi rabi, zane ya ƙarasa. Masu nazari sun fi mai da hankali ga kalmomi, suka bar wannan fage kusan ba a taɓa ba.

Shekarun baya

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya, cikin shekarun 1950 kuma aka kafa hukumar NORLA don samar da littattafai ga waɗanda suka fito daga azuzuwan Yaƙi da Jahilci. Masu karatu sun sauya. Yanzu manya ne, manoma da 'yan kasuwa da masu sana'a, waɗanda suka koyi boko da girmansu, kuma abin da suka fi so su karanta shi ne addininsu da tarihinsu. Alƙalamin Imam ya bi su. A wannan zamani ne ya rubuta Tarihin Annabi, da Sayyidina Abubakar, da Hausa Bakwai, da Haji Mabuɗin Ilmi. Sunan na ƙarshen nan ya maimaita na littafin Ingila da gangan, kamar dai ana nuna cewa tafiya gabas da tafiya Turai ƙofa biyu ne na ɗaki guda. Ta fuskar fasaha waɗannan littattafai ba su kai na farko ba, harshensu ya fi sauƙi, raha ta ragu. Amma su ne suka nuna cewa ana iya rubuta sira da tarihin sahabbai da zube cikin boko, fagen da a da waƙar ajami da karatun zaure suka riƙe.

Daga tsakiyar shekarun 1950 aikin gwamnati ya ja shi, ya shiga Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, rubutu ya ja baya. An rufe NORLA a 1959, sai a 1966 aka kafa kamfanin NNPC wanda ya gaji littattafan ya ci gaba da buga waɗanda makarantu suke saye. A nan ne taƙaitawar da aka ambata a farko ta samo asali, domin littafin da ba ya cikin manhaja ba ya komawa injin bugu. Irin wannan marubuci mai taɓa fanni da yawa bai ƙare ba a ƙasar Hausa. Umaru Dembo ya haɗa labarin sararin sama a Tauraruwa Mai Wutsiya na 1969 da nazarin wasannin yara, Bashir Othman Tofa kuma, wanda ya rasu a 2022, ya rubuta Kimiyyar Sararin Samaniya da Tunaninka Kamanninka da labaran Amazadan. Sai dai su ba su sami hukuma irin ta Zariya a bayansu ba, mai bugawa ta kuma raba wa makarantu.

Imam ya rasu a Zariya cikin watan Yuni na 1981. Tarihin rayuwarsa, wanda ya ƙunshi labarin zamansa da East da wasiƙunsa ga Lugga, Abdurrahman Mora ne ya shirya shi, NNPC ta buga a 1989, da Turanci.